Ina so in yi fim kan rayuwar Yayata marubuciya, amma Abuya yana raye

'Yar Karantina (Jidda)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba. Yau abin ya fi ƙarfina, ku yi haƙuri da tsawon bayanin.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki, ɓangaren mata. Shekara biyar ke nan ina yi, kyamarar tawa ce, kuma ni nake tace aikina da kaina. Fim dai ban taɓa yi ba, in ban da wani guntu na minti bakwai da na ɗauka kan matan da ke soya waina a basɗa, wato wurin sayar da abinci a bakin titi, da azumi.

Fim ɗin da nake so in yi kan Yayata ne, Allah ya jiƙanta. A Karantina aka haife ta a 1998, kamar yadda aka haife mu duka a can. Makarantar Larabci ta yi, ba ta taɓa zama a ajin da ake koyar da Hausa ba. Hausarta ta bakin Ummi ce da ta Sitti, mahaifiyar Ummi, wadda ta baro Kano tana amarya, suka bi ta ƙasa har Sudan, suka tsallako teku zuwa Jidda.

Tana da shekara 18 ta fara rubuta labari a daftarin makaranta. Hausa zalla, amma da baƙaƙen Larabci, daga dama zuwa hagu. Ba ajamin malamai ba ne, nata ne ta ƙirƙira: inda Larabci ba shi da harafin da take so, sai ta ƙara ɗigo. A saman rufin gidanmu take rubutun, bayan isha'i, kusa da tankin ruwa, saboda a ɗaki mu huɗu ne. Daga baya wata alhajiya da ta sauka a gidanmu ta bar littattafan Hausa guda uku, a cikinsu ta koyi rubutun boko. Sai ta riƙa kwafe labarin a waya tana tura shi zauren WhatsApp, shafi-shafi. Burinta ta shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, shekarar da ita ma ta fara rubutu.

Labarin nan kaf ɗinsa a Kano yake, garin da ba ta taɓa gani ba. Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, dutsen Dala, duk daga bakin Sitti ta ɗauko su ta gina nata garin.

Sai aka zo da kuɗin murafiƙai. Waɗanda ke nan sun sani: riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka, wato takardar izinin zamanka a Saudiyya, daga Yulin 2017, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, 400 a 2020. Abuya, wato mahaifinmu, makanike ne, mu biyar ne a ƙarƙashinsa. Da ya kai 200, dubu ɗaya ke nan duk wata, ban da haya, ban da abinci. Wata rana bayan magariba ya ce Yaya za ta koma wurin Gwaggo a Kano. Bai yi shawara da ita ba. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, shi kuwa bai ƙara cewa uffan ba. Ta tafi a ƙarshen 2018, aka yi mata aure a 2019, ta rasu wajen haihuwa a 2021. Ba mu sake ganin fuskarta ba sai ta waya.

Mijinta, Allah ya saka masa da alheri, ya aiko mana da daftarorinta ta hannun wani mai Umara. Guda huɗu. Uku labarin ne. Na huɗun wasiƙu ne zuwa ga Abuya da ba ta taɓa aikawa ba, kuma akwai maganganu masu zafi a ciki. Ni kaɗai na karanta su.

Abin da ya zaburar da ni shi ne fim ɗin da Haifa Al-Mansur ta yi kan Mary Shelley, wanda ya fito a 2017. Mary ma tana da shekara 18 ta fara rubuta Frankenstein a 1816, kuma da littafin ya fito a 1818 babu sunanta a kai. Da na ga yarinyar tana rubutu a ɓoye, sai da na dakatar da fim ɗin na fita waje. Kuma mace ce 'yar ƙasar nan ta ba da umarni, wadda ta ɗauki fim ɗin Wajda a Riyad tana cikin mota tana magana da ma'aikatanta ta na'urar oba-oba. Na ce to, ni ma da ke riƙe da kyamara kullum fa?

Amma Mary ta rasu tun 1851, babu wanda zai ji ciwo. Ni Abuya yana ɗakin da ke kusa da nawa, ga hawan jini. In na cire maganar tafiyar, na yi wa Yaya ƙarya. In na sa, na tsaya gaban duniya na nuna mahaifina da yatsa. Wannan ita ce babbar tambayata.

Sauran ƙanana ne a kanta. Gidanmu na Karantina babu shi, ya tafi a rusau ɗin 2022, to a ina zan ɗauka? Kuma yaya ake nuna mutum yana rubutu ba tare da mai kallo ya gaji ba? Na gwada ɗaukar ƙanwar ƙawata tana rubutu, bayan daƙiƙa ashirin ni kaina na ƙosa.

Hajiyar Rusaifa (Makka)

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan 'yar uwarki, ya sa ta yi shahada, ya raya abin da ta bari in yana raye.

Ni ban san harkar fim ba, amma na san gidajen da irin wannan ya faɗa wa, don ni ma 'ya'yana biyu suna Zariya yanzu saboda wannan lissafin. Wallahi uban da ya ce wane zai tafi wane zai zauna, shi ma an yanka shi, jini ne kawai ba ya fita. Mazanmu ba sa kuka a gabanmu, shi ya sa kuke ganin kamar ba su damu ba.

Wasiƙun nan ba naki ba ne, ba kuma na jama'a ba ne. Ita da ta rubuta ba ta aika ba, tana da dalilinta. Shekara biyu da wani abu tana da waya a hannu, in da tana so ya ji, da ya ji. Ki yi tunanin wannan sosai kafin ki ɗora su a allon da baƙi za su kalla suna cin gugguru.

Kada ki fara komai sai kin zauna da mahaifinki. Ki fara ta wurin Umminki, ita ta san lokacin da ake tunkararsa. In ya ce a'a, ki haƙura, albarkarsa ta fi miki fim.

Mai Tace Hoto (Kano)

Ƙanwata, sannu da wannan nauyi. Na shekara goma sha ɗaya ina tace finafinai a nan Kano, bari in amsa ta ɓangaren aiki.

Da girmamawa ga Hajiya, na yarda a nemi izinin mahaifi, amma gaskiya in babu tafiyar nan babu fim. Yarinyar da ta gina Kano a kanta, sannan aka tura ta Kanon gaske ba da sonta ba, wannan shi ne ƙashin bayan labarin. Wasiƙun kuwa ba kya buƙatarsu. Ki bar su a akwati. Abin da kika gani da idonki ranar da aka yanke maganar, naki ne, kina da haƙƙin faɗarsa.

Kada ki ɗauko rayuwarta daga haihuwa zuwa kabari. Nan ne masu fim ɗin tarihi ke faɗuwa, sai ya zama kamar ana karanta takardar ta'aziyya. Ki ɗauki shekara biyu: daga daren da ta buɗe daftarin farko zuwa ranar tafiya. Fim ɗin da kika ambata ma haka ya yi, 'yan shekarun ƙuruciyar Mary kawai ya kama. Kuma bai bi tarihi sau da ƙafa ba. Ya haɗa ta da Percy, wanda ya zama mijinta, a Sukotlan, sannan ɗansu William da aka haifa a Janairun 1816, wanda suka tafi da shi Janiba, ba a nuna shi ba. Ana cire mutum, ana haɗa kwana uku su zama dare ɗaya. Abin da ba a yi shi ne a ƙaga wa mai rai mugun halin da ba nasa ba.

Batun wuri kada ya hana ki barci. Landan ɗin da kika gani a wancan fim, a Dablin aka ɗauki yawancinsa a 2016, sauran kuma a Lukzambur. Ke rufin gida kike buƙata, da tankin ruwa, da igiyar shanya, da ɗaki ɗaya. Ki matso da kyamara kusa, kada ki buɗe ta ta ga gine-ginen da ba na lokacin ba.

Rubutu kuwa, ba hannun ake kallo ba, abin da ke fitowa daga hannun ake kallo. Ki nuna alƙalamin daƙiƙa biyar, ya isa a ga yana tafiya daga dama zuwa hagu yana ƙara ɗigon nan nata, sai ki yanka zuwa Kanon da take gani a ranta. Wannan ɓangaren mu za mu iya ɗaukar miki a nan, kwana uku ya isa. Amma ki turo mana yadda ta siffanta wuraren, mu bi nata, ba namu ba. In ta ce ruwan marina kore ne, kore za mu yi shi.

Abu na ƙarshe, sauti. Ku masu bidiyon biki kun saba kiɗa ya rufe komai. A fim, mai kallo zai yafe miki hoto mai duhu, ba zai yafe miki maganar da bai ji ba. Ki samu mai sauti na daban da makirufonsa, kuma ki shirya wa 'yan wasanki cewa za a kashe na'urar sanyi duk lokacin da ake ɗauka. A zafin Jidda, ki sa aikin cikin hunturu.

Ɗan Mai Wurno (Riyad)

Salam. Ni Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, yaƙi ne ya fito da mu a 2023. Kakanninmu ma hanyar Makka suka kamo bayan yaƙin Burmi a 1903, suka tsaya a rabin hanya. Don haka Kanon da mutum bai taɓa gani ba amma yana ɗauke da ita a ka, na san ta. Tamu Sakkwato ce.

'Yar uwa, abu ɗaya nake roƙonki: harshe. Kada ki bari kowa ya gyara wa mutanen fim ɗinki Hausa ta koma ta gidan rediyo. Ki bar su su ce khalas, su ce ya'ani, su ce Abuya da Sitti, su ƙirga kuɗi da Larabci su yi faɗa da Hausa, kamar yadda ake yi a gidajenmu. Na san wasu a gida suna dariyar Hausarmu, suna ce mana Takari. To, su ji ta minti tasa'in a bakin yarinyar da ta rubuta littafi da ita. Sai a ɓangaren labarin da take rubutawa a ji tsohuwar Hausar kakarku. Bambancin nan kaɗai zai gaya wa mai kallo abin da ba sai an faɗa ba.

Kan mahaifinku, ina tsakanin Hajiya da ɗan uwanmu na Kano. Matsalar tana zuwa ne in kyamara ta tsaya a bayan Yayarki kaɗai tana kallonsa. Ki ba shi fitowa ɗaya shi kaɗai: yana zaune a gareji bayan an tashi, da biro da bayan rasit, yana lissafin biyar sau ɗari biyu, yana sake yi ko zai canja. Duk uban da ya zauna a ƙasar nan a waɗannan shekarun zai gane kansa.

Kuma kada ki raina ƙaramin labari. Fim ɗin Amjad Abul Ala, Satamutu fil Ishrin, daga gajeren labarin Hammur Ziyada aka ɗauko shi, labarin wani ƙauye a Jazira, amma ya ci kyauta a bikin finafinai na Benis a 2019. A lokacin Sudan ba ta da gidajen sinima na kirki. Ke kuwa kina garin da ake yin Bikin Finafinai na Bahar Maliya tun Disambar 2021, kuma suna da asusun tallafa wa masu fim na ƙasashen Larabawa da Afirka. Akwai Hukumar Finafinai ma da aka kafa a 2020. Ki karanta sharuɗɗansu da kanki ki ga inda mai iƙama zai iya shiga. Ɗauka a titi kuwa sai da tasrihi, wato izinin hukuma, kada ki yi wasa da wannan.

Maman Biyu (Madina)

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina jin na san labarin nan. Wanda yarinya ke kai wa kakarta zare marina kullum Alhamis? In shi ne, ina cikin zauren da ake turo shi. Muna jiran shafin dare kamar abinci. Rana ɗaya ya tsaya, muka yi ta tambaya ba amsa, har wasu suka yi fushi suka ce ta yi mana rowa. Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya gafarta mana, ya jiƙanta.

Ni dai roƙona, ko an yi fim ko ba a yi ba, a buga littafin da sunanta. Ta kai ƙarshensa kuwa?

'Yar Karantina (Jidda)

Maman Biyu, shi ne. Na karanta saƙonki a wurin aiki, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska kafin in koma kan amarya. Ba ta kai ƙarshe ba. Daftari na uku ya tsaya a tsakiyar shafi, kuma a Kano ba ta ƙara masa ko layi ɗaya ba. Na taɓa tambayarta a waya, ta ce tun da ta ga garin da idonta, nata ya ɓace mata. Ba zan ƙarasa mata ba. In an buga, a inda ta tsaya zai tsaya.

Hajiya, na bi maganarki, na fara ta wurin Ummi. Mun zauna a kicin bayan kowa ya kwanta. Ta gaya mini abin da ban sani ba: kafin ya yanke maganar, Abuya ya sayar da motarsa, ba lalacewa ta yi ba kamar yadda aka ce mana. Kuɗin ya biya mana sabunta iƙama na shekara ɗaya, daga nan ya ƙare. Ya zaɓi Yaya ne saboda ita kaɗai ta gama makaranta, mu sauran in an cire mu karatunmu ya yanke. Wato ni ma ina cikin dalilin tafiyarta. Shekara nawa ina riƙe da fushinsa ban san wannan ba. Ɗan Mai Wurno, fitowar garejin nan da ka ce, yanzu na san abin da zai kasance a kan teburin: makullin motar.

Shekaranjiya Ummi ta ce in kawo daftarin farko falo bayan isha'i. Na karanta wa Abuya babi na ɗaya. Bai san ma ta rubuta littafi ba, yana zaton aikin makaranta take yi a rufin. Ya karɓa ya daɗe yana kallon rubutun, yana bin ɗigon da yatsa. Da na zo inda ta ce daga kan Dala ana taɓa gajimare da hannu, sai ya ce, dutsen bai kai haka ba, ya hau shi yana yaro. Na ce ko a gyara? Ya ce a'a, a bar shi yadda ta gani. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki. Jiya da daddare shi ya tambaya ko akwai babi na biyu.

Maganar fim ban yi masa ba tukuna, sai mun gama daftari ukun. Na huɗun kuwa na naɗe shi a ɗankwalinta na sa a ƙasan akwati, ba zai shiga fim ba. Amma tafiyar za ta shiga in ya yarda, kuma zan karanta masa wannan fitowar da bakina kafin kowa ya gani. Na yanke fim ɗin zai ƙare a filin jirgin Jidda, lokacin da ta juya ta miƙo mini biron da take rubutu da shi. Yana nan a jakar kyamarata.

Yaya Mai Tace Hoto, na karɓi tayinka da hannu biyu. Zan fara da gajere na kamar minti goma sha biyar, rufin gida da marina kawai, in ga ko zan iya. Zan kwafe maka shafukan marinar da boko in turo cikin makon nan.

Abu biyu nake nema yanzu. Duk wanda ke da hoto ko bidiyon lungunan Karantina kafin rusau, ko da na waya ne mara kyau, don Allah ya turo mini, ina so in ga kalar ƙofofi da yadda wayoyin wuta suke. Sannan ina neman yarinya tsakanin shekara 18 zuwa 22, 'yar Jidda ko Makka, mai jin Hausar gida, mai saurin rubutun Larabci, wadda iyayenta za su yarda, kuma mahaifiyarta na iya zuwa ta zauna tare da mu duk ranar ɗauka. Sai dai ta zama bahaguwa, don Yaya da hagu take rubutu.